Kuɗin Cefane: Ina Yake Zurarewa?

(Jawabin da wata uwa ta gabatar a taron zumunta na gunduma)



An ce in yi magana a kan cefane. Wani zai ce wannan zancen madafa ne, me ya kawo shi majami'a? Amma dattawa da ke zaune a nan sun sani, rigingimun aure da yawa da ake kawo masu, in an tona, a bakin tukunya suka fara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kaya suka tashi, har hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini rai. Yawancinmu manoma ne. A watan Disamba mukan kwashe masara, dawa da wake mu kai kasuwa saboda ɗinkin Kirsimeti da biki, a daidai lokacin da kowa ke sayarwa, hatsi ba shi da daraja. Sai damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya zama wayam, mu koma wurin wanda muka sayar wa muna awo kwano-kwano da tsada, wani lokaci ma bashi. Iyayena maza, ku gafarce ni, ku ne ke da rumbu. Kafin buhu ɗaya ya fita, ku zauna da matanku, domin su suka san kwano nawa gida ke ci a mako. A lissafa na shekara, a ware shi, sauran ne na sayarwa. A Farawa sura 41, kashi ɗaya cikin biyar Yusufu ya sa aka tara a shekarun ƙoshi, shi ya riƙe Masar shekara bakwai na yunwa.

Ajiyar ci nake nufi, ba ɓoye hatsi don jiran tsada ba. Karin Magana 11:26 ta tsawata wa mai yin haka. Waɗanda suka tara masara don riba ma sun ji jiki a 2025 da farashi ya faɗi.

Wake kuwa, na san abin da za ku ce: ƙwari. Akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwarin sukan mutu ba tare da magani ba. Don Allah mu daina zuba maganin feshi a abincin da 'ya'yanmu za su ci.

Ku da ke birni kuna cin albashi, abin da ke cinye ku shi ne sayen ɗai-ɗai wurin mai tireda: man gyaɗa a ƙulli, shinkafa gwangwani biyu, kullum. Kowane ƙulli da ribarsa a kai. Gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, a aiki mutum ɗaya Dawanau ko kasuwar ƙauye ranar da take ci, a sayo buhu, a raba a gaban kowa da kwano ɗaya. Kuɗin mota sau ɗaya ke nan. Mu da ba mu da yawa a garuruwan nan, mun san juna, wannan bai kamata ya gagare mu ba. Sai dai a rubuta komai a littafi, kada kuɗin ya kwana a hannun mutum ɗaya, don na ga inda buhun shinkafa ya raba 'yan mawaƙa biyu.

Kayan miya ma da lokacinsu. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani na Kura da Kadawa yakan cika kasuwa. A yanka a shanya kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba. Haka tattasai da kuɓewa. Kuka, daddawa da zogale ba abincin kunya ba ne, da su iyayenmu suka raine mu.

Zumuntar Mata, mu ma da namu. Anko uku a shekara, sannan mu ce kuɗin cefane bai isa ba? Ga dafa abin da ya fi ƙarfin gida don kada a ce mun gaza. Ubangiji da ya ciyar da mutum dubu biyar, bai bar gutsattsarin a ƙasa ba, kwando 12 aka tattara. Sauran tuwon dare ɗumame ne na safe.

Roƙona ga dattawa: kowace ikilisiya ta ware kwano kaɗan daga baikon godiya na kaka, a adana domin gwauraye da marayu zuwa watan Agusta. Masu son shiga sayen haɗin gwiwa kuma su ba sakatariyar mata sunayensu bayan an tashi.