Koyar da Yara Ƙin Zalunci Ba Tare da Zubar da Ladabi Ba



An nemi in yi magana a kan littafin da nake karanta wa 'yan aji shida, muna bi babi babi, ina fassara musu da Hausa inda Turancin ya yi tsauri. Sunansa Roll of Thunder, Hear My Cry, na marubuciya baƙar fatar Amurka Mildred D. Taylor. Ya fito a 1976, ya kuma ci lambar Newbery ta littattafan yara a 1977. Labarin ya faru a jihar Misisipi a 1933, shekara 68 bayan haramta bauta a Amurka, a zamanin da doka ta raba farare da baƙaƙe a makaranta da mota da wurin cin abinci. Mai ba da labarin yarinya ce 'yar shekara 9, Cassie Logan, wadda gidansu ke da gona eka 400, alhali yawancin maƙwabtansu baƙaƙe a gonakin farare suke noma, ana raba amfani.

Wani uba ya taɓa tambayata: “Malam, mu da muke fama yara su ji magana, me ya sa kake karanta musu labarin masu ƙin bin umarni?” Tambaya ce mai nauyi, domin mun tashi muna jin cewa bin na gaba bin Allah ne. Amsata tana cikin wurare uku na littafin, kuma a kansu nake gina darasi.

Na farko, ranar buɗe makaranta. An raba wa yara tsofaffin littattafan da 'ya'yan farare suka gama yagalgalawa. A cikin bangon kowanne akwai jadawalin da ya nuna halin da littafin yake ciki da launin fatar wanda aka ba, kuma a layin ƙarshe an rubuta kalmar ƙasƙanci. Ƙanen Cassie ya yi jifa da nasa, ya tattake shi, aka zane shi, ita ma ta ƙi karɓa aka zane ta. Mahaifiyarsu, wadda malama ce a makarantar, ba ta ɗaga murya ba: ta ɗauko gam da takarda ta liƙe wannan shafi a littattafan 'ya'yanta da na ajinta. A nan nakan tambayi yara: wa ya yi daidai? Sukan gane da kansu cewa fushin yaron yana kan gaskiya, amma hanyar uwar ce ta kare mutuncin aji guda.

Na biyu, motar makarantar farare da ke watsa wa yaran baƙaƙe taɓo a hanya da gangan. Yaran suka haƙa rami a ɓoye, ruwan sama ya cika shi, motar ta faɗa ta karye. A wannan babi aji yakan kaure da tafi. Ina barinsu su gama murna, sannan mu karanta abin da ya biyo baya: daren da motocin farare suka tsaya a ƙofar gidan, yaran suka kwana cikin firgici suna zaton asirinsu ya tonu. Ba sai na yi dogon bayani ba, da ma sun san an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Na uku, ƙauracewa kantin 'yan gidan Wallace, waɗanda suka ƙona wasu baƙaƙe da wuta ba a hukunta su ba. Uwar Cassie ta bi gida gida tana shawo kan mutane su daina saye a can, a riƙa yo musu sayayya daga garin Vicksburg. Ba a jefi kowa ba, ba a ƙona komai ba. Duk da haka aka kore ta daga aiki, da hujjar tana koyar da tarihin bauta saɓanin yadda littafin hukuma ya tsara. Wanda ya kai ƙararta kuwa ɗalibinta ne da ta kama yana satar amsa ta kayar da shi. Duk malamin da ke zauren nan ya san wannan labari ba baƙo ba ne a gare mu.

Daga waɗannan wurare muke fitar da ma'auni, mu rubuta a allo. Shin abin da aka ƙi zalunci ne, ko kuwa abin da rai ba ya so ne kawai? An yi ƙin a fili ko a ɓoye? An cutar da wani? Mai ƙin ya yarda ya ɗauki abin da zai biyo baya? Yaron da ya ƙi yin shara ya faɗi tun a tambayar farko. Wanda ya ƙi shiga cikin masu tsokanar abokinsa ya haye duka.

Sai in haɗa musu da tarihi, don kada su ɗauka tatsuniya ce. A ranar 2 ga Maris, 1955, Claudette Colvin, ɗaliba 'yar shekara 15, ta ƙi tashi wa farar mace daga kujera a motar haya a Montgomery, aka kama ta. Wata tara bayan haka Rosa Parks ta yi irin wannan, baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocin har kwana 381, har kotu ta soke wariyar.

Ga shawara uku ga mai son gwadawa. Ku karanta littafin tukuna, domin yana da kalmomin zagi da ba a barin yaro ya karanta da ƙarfi. A yi bayaninsu a wuce. Ku sanar da hedimasta da iyaye tun kafin a fara. Kada kuma ku bari yara su tashi da tunanin cewa wariya ciwon wata ƙasa ce kaɗai. Tarihinmu daban yake da na Misisipi, amma a filin wasanmu akwai zabiya da ake yi wa waƙa, akwai wanda ake kwaikwayon Hausarsa, akwai wanda ake yi wa gorin asali. Su yara sun san sunayen waɗannan tun kafin mu sani.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan biyayya kaɗai muka koya wa yaro, zai bi na kirki, zai kuma bi azzalumi da zuciya ɗaya. Aikinmu shi ne ya fita daga hannunmu yana rusunawa ya gaishe da babba, yana kuma iya cewa a'a cikin ladabi ranar da aka sa shi ya cuci wani.