Darasin Fasto Jerry Falwell

Yau Amurka zan kai ku. A 1956 wani matashin fasto, Jerry Falwell, ya buɗe coci a garin Lynchburg da mutum 35 kacal. Ya shiga rediyo da talabijin, cocin ya cika ya batse.

A 1965 shi da bakinsa ya ce fasto ba ruwansa da siyasa. Amma a 1979 sai ga shi ya kafa ƙungiyar Moral Majority, yana yaƙi da zubar da ciki. Me suka yi? Suka bi coci-coci suna yi wa mutane rajistar zaɓe, suna aika wasiƙu gida-gida. A 1980 suka mara wa Reagan baya, ya kayar da Shugaba Carter, wanda shi ma ɗan Baptist ne mai riƙo da addini.

Ba su kaɗai suka kayar da shi ba, tsadar rayuwa ma ta taimaka. Amma fa sun kai jama'arsu rumfar zaɓe.

To mu da muke kwana a Facebook, mutum nawa kowannenmu ya raka ya yi rajista? Kowa ya ƙirga nasa.