Tsohuwar Gadar Regensburg da Hakkin Kayan Tarihi



Wannan lacca ta shafi Regensburg, wani birni na jihar Bavariya a kudancin Jamus, wanda ke bakin kogin Danube. Asalinsa sansanin soja ne da Rumawa suka kafa a shekarar 179, zamanin Sarki Marcus Aurelius, kuma har yanzu ana ganin ragowar ƙofarsa ta arewa. Akwai kuma majami'ar Waliyyi Bitrus, wadda aka soma a ƙarni na 13, ba a gama hasumiyoyinta ba sai a 1869. A tsohon zauren gari kuwa majalisar daular Jamusawa ta zauna tun daga 1663 har 1806.

Amma duk cikinsu babu kamar gadar dutse. An gina ta tsakanin 1135 da 1146, tsawonta ya wuce mita 300. Kusan shekara 800 ita kaɗai ce gadar da ke haye kogin gaba ɗaya a birnin. Ta kanta fatake ke bi, a gindinta jiragen gishiri ke sauke kaya, shi ya sa aka gina rumbun gishiri a bakinta wajen 1620. Watau dai arzikin garin a kan duwatsun nan ya tsaya.

Abin mamaki shi ne, mutanen garin su suka fi cutar da ita. A watan Afrilu 1945 sojojin Jamus da kansu suka fasa wani sashenta don su tare sojojin Amurka. Bayan an gyara, sai nauyin motoci da gishirin da ake barbaɗawa lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara suka riƙa cin duwatsun a hankali.

Daga nan hukuma ta ɗauki mataki. Ta hana ƙananan motoci bin gadar a 1997, ta hana bas-bas a 2008, sa'an nan aka yi ta gyara daga 2010 zuwa 2018. A tsakanin haka, a 2006, hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya.

Saboda haka, ya kamata ma'aikaci ya lura: abin da magabata suka gina a shekara 11, sai da jikoki suka shekara 8 suna gyara ɓarnar da suka yi masa. Kayan tarihi amana ne, kuma sa hannun jami'i a takarda ɗaya yana iya raya shi ko ya kashe shi.