Wakilin Ɓoye A Bakin Katanga



An nemi in yi bayani a kan wata dabara ta masu kula da kwamfutoci a makarantu da ofisoshi, watau kafa wakilin ɓoye a kan katangar tsaro. Katangar tsaro ita ce na'urar da ke tsakanin kwamfutocin gida da intanet, wadda kome zai shiga ko ya fita sai ya bi ta kanta. Wakili kuwa manhaja ce mai karɓar buƙatarka, ta ɗauko maka shafin, sa'an nan ta ajiye kwafinsa a rumbu domin mai nema a bayanka. Fitacciya a cikinsu ita ce Squid, wadda ta bayyana a 1996.

Kafawar ba ta da wuya. Akan ɗora Squid a kan katanga mai aiki da Linux, a rubuta doka da iptables cewa duk saƙon da ya nufi ƙofa ta 80 a karkatar da shi wurinta. Sai dai a kula a keɓe saƙon ita kanta Squid daga dokar, in ba haka ba ya dinga komowa gare ta ba iyaka. Ba a taɓa kwamfutar kowa, ba wanda aka tambaya, shi ya sa na kira shi na ɓoye.

A da hujjar masu kafa shi tana da ƙarfi, domin layi siriri ne mai tsada, rumbun kuwa yana rage masa nauyi. Amma yau galibin shafuka a kulle suke tafiya, ta ƙofa ta 443. Wakili yakan ga sunan gidan da ka nufa, ba ya ganin abin da kuka tattauna, balle ya ajiye shi. Ba zai iya buɗe saƙon ba sai an dasa takardar shaidarsa a kwamfutarka, kuma daga ranar har kalmar sirrinka a tafin hannunsa take. Gwamnatin Kazakistan ta gwada haka a kan jama'arta a 2019, Mozilla da Google da Apple suka toshe takardar.

Tsimin ya ragu ke nan, littafin da wakili yake rubutawa kuwa yana nan: wace kwamfuta, wane lokaci, wane gida. Don haka nake roƙon ƙungiyarmu ta nemi hukuma ta bayyana a rubuce abin da ake ajiyewa, da tsawon kwanakinsa, da wanda yake da ikon karantawa, a kuma liƙa takardar a ƙofar ɗakin kwamfuta.