Bi Kuɗin Har Bakin Tifa: Darasin Italiya Kan Kwangila da Miyagun Ƙungiyoyi

 

Shekara da shekaru ina jayayya da abokan aikina na ɓangaren bayar da kwangila, wasunsu ma ga su nan a kujerun gaba. A ganinsu, in an tsare ƙofa an tsare gida: a tantance kamfani, a duba rajistarsa da takardar biyan harajinsa, a buɗe tayi a bainar jama'a, a ba wanda ya cancanta, magana ta ƙare. Ni kuwa na ce mugun da muke magana a kansa ba ya zuwa wurin buɗe tayi. Yana can ramin yashi da wurin fasa dutse da tashar tifa, yana jiran kuɗin ya gangaro ya same shi. Dokarmu ta bayar da kwangila ta 2007 da hukumar BPP kun fi ni saninsu, ba zan tsaya a kansu ba. Italiya zan kai ku, domin can aka fi shan wahalar wannan ciwo, can kuma aka gwada maganin da nake kira a kai.

A kudancin Italiya akwai lardin Kalabiriya, gidan ƙungiyar mafiya ta 'Ndrangheta. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta yi alkawarin gina katafariyar masana'antar ƙarfe da tashar jiragen ruwa a Gioia Tauro. Manyan kamfanoni suka karɓi aikin. Amma wa zai kwashe ƙasa, wa zai kawo tsakuwa? Iyalan ƙungiyar, gidan Piromalli a gaba, suka sayi motocin ɗaukar kaya, suka mallaki wurin fasa dutse, suka zama su ne masu kawo kaya. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa wani ɓangare na jarin motocin nan kuɗin fansa ne, har da wanda aka biya bayan sace jikan attajirin nan Getty a birnin Rum a 1973. Masana'antar ƙarfen ba a taɓa gina ta ba. Su kuwa sun fito daga aikin a matsayin 'yan kasuwa masu kamfani da asusun banki. Duk wanda ya fito daga Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari, ya riƙe wannan a ransa, za mu dawo kansa.

Yanzu babbar hanyar Salerno zuwa Reggio Calabria, wadda ita ce ginshiƙin hujjata. Tsawonta ya haura kilomita 400. An fara ta a 1962, aka gama a shekarun 1970, aka dawo sabunta ta a 1997, ba a ce an kammala ba sai a Disamban 2016. Kamfanonin da suka ci manyan kwangilolin sabuntawar sanannu ne, mafi yawansu daga tsakiya da arewacin ƙasar, takardunsu fes. Abin da masu gabatar da ƙara suka tono a binciken da suka sa wa suna Tamburo a 2002 da Arca a 2007 shi ne, iyalan ƙungiyar sun raba hanyar gunduwa-gunduwa, kowane gida da yankinsa: Mancuso a wajen Vibo Valentia, Pesce a Rosarno, Piromalli a Gioia Tauro. Kason da aka yanka kashi 3 cikin 100 ne na kuɗin aiki, da sunan kuɗin tsaro. Wanda ya biya, katafilarsa ta kwana lafiya. Wanda ya ƙi, da safe ya tarar an cinna mata wuta.

Kashi ukun nan shi ne ƙaramin abin. Babbar ribar tana cikin tilasta wa ɗan kwangila wanda zai saya wa kankare, wanda zai ɗauki hayar motocinsa, wanda zai yi masa gadi, wanda zai ɗauka aiki. Shi kuma ɗan kwangila ba daga aljihunsa yake biya ba. A ƙara farashi a rasit, a rubuta kayan da ba a kawo ba, a rage ingancin wanda aka kawo, gibin ya koma kan baitulmali da kan mai bin hanya. Daga baya hukumar yaƙi da zamba ta Tarayyar Turai ta bi sawun kuɗin Tarayyar da aka zuba a aikin, Italiya ta mayar da sama da yuro miliyan 380.

Ga abin da nake so abokan jayayyata su ji. Duk wannan ya faru ne a ƙasar da ke tantance 'yan kwangila da tsananin da mu ko kusa ba mu kai ba. Tun Satumban 1982, bayan kashe ɗan majalisa Pio La Torre a Palermo da ke Sisili, Italiya ta yi dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta mayar da zama ɗan mafiya laifi shi kaɗai, ta ba da damar ƙwace dukiya, ta hana yanka wa wani kwangila ba da izinin hukuma ba. Ana neman takardar shaidar cewa kamfani ba shi da alaƙa da mafiya. Me ya biyo baya? Aka riƙa rajistar kamfani da sunan mata, ko suruki, ko direba. Sannan aka daina kiran abin yanka kwangila, aka koma kiransa sayar da kaya ko hayar injin, inda dokar ba ta kai ba. Takarda tana faɗa maka sunan da aka rubuta ne kawai. Asusun banki shi ke faɗa maka hannun da ya karɓa.

Alƙali Giovanni Falcone ya gane haka tun 1980, lokacin da aka damƙa masa shari'ar Rosario Spatola, magini a Palermo wanda ya ci kwangilar gidajen gwamnati. Shaidu ba sa magana a Sisili, sai ya nemi bankuna su ba shi takardun canjin dala da cek-cek, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har suka haɗa masa maginin da fataucin ƙwayar heroin mai zuwa Amurka. An kashe shi da bam a kan hanya kusa da garin Capaci ranar 23 ga Mayun 1992, tare da matarsa da masu tsaronsa uku. Abin da ya yi da hannu, bayan an riga an ci kuɗin, shi ne Italiya ta mayar doka domin a riƙa yin sa tun kuɗin na tafiya.

Dokar ita ce mai lamba 136 ta Agustan 2010, sashe na 3. Ba ta da tsawo. Duk wanda zai taɓa kuɗin kwangilar gwamnati, daga babban ɗan kwangila zuwa wanda aka yankar wa zuwa mai kawo kaya, sai ya keɓe asusu domin wannan, ya sanar da hukumar da ta ba da aikin lambarsa da sunan masu sa hannu cikin kwana bakwai. Biya sai ta banki ko ta hanyar da ke barin sawu. Kowace kwangila tana da lambarta, kowane aikin raya ƙasa yana da tasa, kuma lambar tana bin kowane biya. Ƙananan kashe-kashen yau da gobe an sassauta musu har yuro 1,500, amma ko a nan an hana tsabar kuɗi. Yarjejeniyar da ba a sa wannan sharaɗi a cikinta ba ɓatacciya ce. Wanda ya biya ta bayan fage, ana iya soke kwangilarsa, ga tarar da ke kaiwa kashi 20 cikin 100 na abin da ya biya.

A manyan ayyuka sun ƙara matsawa. Asusun na wannan aikin ne shi kaɗai, ba a cakuɗa shi da komai. Bankuna da kansu ke tura bayanan shige da ficen asusun kullum zuwa rumbu guda a ofishin firayim minista, inda hukumar binciken mafiya ta DIA ke iya dubawa ba sai ta nemi izinin ɗan kwangila ba. Sun fara gwaji a wani sashe na layi na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum, Tarayyar Turai ta tallafa wa shirin da aka sa wa suna CAPACI, sannan dokar 2014 da ƙudurin 2015 suka wajabta shi a manyan ayyukan ƙasa. A gefe guda dokar 2012 ta lissafa sana'o'in da suka fi haɗari domin a sa musu ido na musamman: ɗibar ƙasa da yashi da tsakuwa, kankare da kwalta, hayar injuna, rodi, jigilar kaya, gadin wurin aiki. A manyan wuraren aiki har jerin ma'aikata da lambobin motocin da za su shiga ana miƙawa kowane mako. Ku sake duba jerin nan, za ku ga sana'o'in da ke kewaye da kowane aikin hanya ne daga Kano har Maiduguri.

To mu fa? Za a ce mini muna da asusun bai ɗaya na TSA tun 2015. Na yarda, kuma na goyi bayansa tun farko. Amma TSA yana ganin kuɗi ne har ranar da ya fita daga Babban Banki ya shiga asusun ɗan kwangila. Daga nan duhu. Na taɓa duba littattafan wani aikin hanya, ba zan faɗi inda yake ba, na ga kafin alƙalami ya shiga ranar Talata, kafin Juma'a an cire fiye da rabinsa tsaba a kan kanta. Bauca cikakkiya, satifiket cikakke, sa hannu duk yana nan. Na tambayi inda kuɗin ya tafi, aka ce an biya masu tifa. Waɗanne? Ba mai iya faɗa, kuma babu dokar da ta tilasta a faɗa. Rahoton binciken hukumar NDDC da aka miƙa a Satumban 2021 ya yi maganar ayyuka sama da 13,000 da asusun banki 362. Da kowane aiki na da asusunsa da lambarsa, da ba a jira shekara ashirin kafin a ƙirga ba.

Na ce za mu dawo kan kuɗin fansa. A arewa maso yamma 'yan bindiga suna ɗora wa ƙauyuka haraji kafin noma da kafin girbi, suna sace ma'aikatan hanya, wannan ba ɓoyayye ba ne. Mai kuɗi irin wannan ba zai dawwama yana binne su a daji ba, zai nemi inda zai shigar da su kasuwa. Tifa da ramin yashi da kamfanin gadi su ne ƙofa mafi sauƙi, domin ba sa buƙatar ilimi mai zurfi, ana biyansu tsaba, kuma mai bindiga ba ya shan wahalar korar abokin gasa. Kalabiriya ta bi wannan hanya cikin shekara goma. Ina tsoron kada mu farga bayan an gama.

Suka iri uku nake ji. Wai zai jinkirta aiki: ayyukanmu da ba a sa musu ido ba, wanne ya gama a kan lokaci? Wai ƙananan 'yan kasuwa ba su da asusu: mai shayi a bakin titi yana karɓar taransifa yau, balle mai tifa ta miliyoyin naira. Wai mafiya ba ta mutu a Italiya ba: gaskiya ne, rasit na ƙarya yana iya bi ta banki. Amma in ya bi, ya bar suna da rana da adadi, mai bincike kuma zai iya auna kuɗin kankaren da aka biya da kankaren da ke ƙasa.

Kayan aikin duk muna da su. BVN na nan tun 2014. NIBSS na ganin kuɗin da ke yawo tsakanin bankuna. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana ainihin masu kamfani. Hukumar NFIU mai bin sawun kuɗi ta samu dokarta a 2018, kuma da ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙananan hukumomi zuwa naira 500,000 a rana a 2019, kun ga yadda gwamnoni suka garzaya kotu. Wannan ya isa ya nuna muku inda gizo ke saƙa.

Abin da nake nema shi ne wanda na daɗe ina nema. A gyara dokar 2007, jihohi su gyara nasu, a sa sashe guda: kowace kwangila da lambarta da keɓaɓɓen asusunta, sharaɗin kuma ya sauka har kan mai kawo yashi. Kafin alƙalami kada ya fita sai an miƙa sunayen waɗanda za a biya daga cikinsa. Bankuna su riƙa tura bayanan kai tsaye zuwa NFIU, EFCC da ICPC da babban odita su samu damar dubawa, ma'aikatar da ta ba da aikin kuma kada ta zama ita ce mai riƙe makullin rumbun. Hukuncin ya zama soke kwangila, domin tara ɗan kwangila zai lissafa ta cikin farashi. Ba sai an jira Abuja ba. Gwamna ɗaya zai iya sa wannan sharaɗi a yarjejeniyar aiki ɗaya a kasafin baɗi, kamar yadda Italiya ta fara da sashe ɗaya na layin jirgi. Kwamishinan ayyuka yana nan, ina roƙonsa ya zaɓi hanya ɗaya, ni da ɗalibaina za mu duba masa asusun kyauta.