Ajiyar Takardun Ofis a Gajimare: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 

Babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa buɗe kabad yana neman wata tsohuwar takarda ba, ya tarar gara ta riga shi, ko kuwa yoyon damina ya wanke tawadar. In takardar gayyatar biki ce, da sauƙi. Amma in ta iyakar gona ce, ko ta rabon gado, ko ta shaidar asalin mutum, to, ɓacewarta ta kan tayar da rigimar da za a shekara ana yi, har 'yan'uwa su daina ga maciji da juna. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, aka ce an huta. Sai ga shi ita ma ta zo da nata ciwon: tana son wuta kullum, ƙura da zafi suna cinta, kuma ɓarawo ya kan saɓe ta a kafaɗa cikin dare ɗaya, ya tafi da aikin shekara goma.

Saboda haka ne manyan kamfanoni da ma'aikatu na duniya su ke komawa ga wata hanya wadda Turawa su ka yi wa suna gajimare. Kada sunan ya ruɗe ku, ba a sama a ke ajiyar ba. Injiniyoyi ne su ka saba zana hoton gajimare a takarda in suna nufin intanet, sunan ya bi abin. Gaskiyar magana, waɗansu manya-manyan gine-gine ne a ƙasa, cike da dubban kwamfutoci, da injin sanyaya ɗaki, da wutar da ba a bari ta yanke, da masu gadi dare da rana. Ofis ba ya bukatar sayen babbar na'ura tasa, sai ya yi hayar wuri a can, ya riƙa aika takardunsa ta intanet, ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Wani wurin ajiya kaɗai ya ke haya, wani ya haɗa da ƙarfin na'ura, wani kuwa aikin da aka riga aka shirya, kamar na wasiƙu ko na lissafin albashi.

Kamfanin Amazon na Amurka shi ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, Google ya biyo a 2008, Microsoft a 2010. A nan gida, Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006 domin irin wannan hidima ga ma'aikatunta, kuma yana da ɗakunan ajiya a Abuja da Kano. A 2019 hukumar NITDA ta fito da manufa cewa ma'aikatu su fara duba hanyar gajimare kafin su sayi na'urori nasu.

Amfaninsa a fili ya ke. In gobara ta cinye ofis, takardu suna nan. In an nemi wata shaida daga fadar Sarki, ba sai manzo ya yini a hanya ba. In aiki ya ƙaru, a ƙara haya, in ya ragu, a rage.

To, amma ga inda na ke so ku kasa kunne. Kun san yadda fatake su ke yi da fatoma. Falke ya kan sauke kayansa a gidan fatoma, fatoma ya ba shi ɗaki, ya tsare ƙofar gida. Amma kayan na falke ne, lissafinsu yana kansa, kuma falken kirki ba ya sauka sai ya bincika halin mai gidan. Haka wannan al'amari ya ke. Kamfani ginin da na'urorin ya ke tsarewa. Amanar talakawa kuwa tana nan a wuyanku, ba ta tashi ba. Don haka kafin wani ofis ya sa hannu a yarjejeniya, lalle ya sami amsar tambayoyi huɗu.

Ta fari, ina kwafi na biyu? A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a ɗakunan ajiya na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, gini guda ya ƙone ƙurmus. Waɗanda su ka ajiye kwafi a wani gari su ka ci gaba da aiki. Waɗanda ba su yi haka ba, waɗansunsu abinsu ya tafi ke nan. Rumbu ɗaya, kome kyaunsa, rumbu ɗaya ne.

Ta biyu, in hanya ta yanke, yaya za a yi? Intanet ɗinmu yawancinta ta waɗansu wayoyi ta ke zuwa, waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku har Ikko. Ran 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin wayoyin nan na gaɓar Afirka ta Yamma su ka lalace lokaci guda, aiki ya tsaya cik a wurare da dama, har da waɗansu bankuna, aka yi makonni ana gyara. Gundumar da ko a ranar lafiya sai an hau tudu a ke samun intanet, ita ta fi kowa bukatar ajiye littafinta na hannu.

Ta uku, da wane kuɗi a ke biya? Kamfanonin waje galibi da dala su ke lissafi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda ya yi kasafinsa kan farashin farko, hayarsa ta ninka uku ba tare da ya ƙara ko takarda ɗaya ba. Sa'an nan a tambaya tun wuri: in mun so mu tashi, nawa za mu biya mu kwashe kayanmu, kuma cikin kwana nawa? In an daina biyan haya, kwana nawa za a jira kafin a share?

Ta huɗu, a wace ƙasa ajiyar ta ke, kuma wa ke iya dubawa? Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara bayanan, ta kuma kafa sharuɗɗa kafin a fitar da su waje. Ba za ku ce laifin kamfani ne ku tsira ba.

Yanzu gare ku, malamai. Kalmar sirri ita ce hatimin ofis a wannan zamani. Wanda ya riƙe ta, ko yana bangon duniya, zai iya shiga ya canza sunan mai gona kamar yana zaune a kujerarku. Kowane ma'aikaci ya kasance da tasa, kada a rubuta ta a manna a jikin tebur, kada a ba ɗa ko aboki. A haɗa ta da lambar nan da a ke aikowa ta waya. Ran da aka yi wa malami canjin wurin aiki, ran nan za a rufe ƙofarsa. Kuma duk saƙon da ya zo yana roƙon kalmar sirri, kome kyaun tambarinsa, a ɗauke shi ɓarawo ne da rigar dogari.

Shawarar da zan ba ku ita ce a bi sannu. A fara da abin da in ya ɓace ba za a yi kuka ba, kamar sanarwa da kwafin wasiƙu. A yi wata shida ana gani, a gwada dawo da takarda daga ajiya a tabbata tana dawowa. In an gamsu, sa'an nan a ɗauki hoton takardun filaye da na gado, shafi bayan shafi, Hakimi yana duba lissafin da kansa. Na asalin kuwa, masu hatimi da sa hannun iyaye da kakanni, a mayar da su akwatin ƙarfe. Kada kowa ya ƙone littafi don an ce masa yana gajimare.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Kowane Hakimi ya koma ya zauna da malaminsa, su lissafa abin da ke cikin kabad ɗinsu, su ware wanda in ya salwanta talaka zai cutu. Daga nan aikin ya ke farawa.

Allah ya taimake ku riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.