Addu'ar Hammu da Hazan a Ɗakin Majinyaci: Nazari daga Tambuwal da Kebbe

Malamai sun rarrabe nauyin zuciyar da ke kama majinyaci gida biyu, wato hammu da hazan, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin cewa hammu shi ne damuwa a kan abin da ake fargabar zuwansa, hazan kuwa baƙin ciki ne a kan abin da ya riga ya wuce. Addu'ar da Imamu Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik ta haɗa su biyun, sannan ta zarce da neman tsari daga gazawa da kasala, da rowa da ragwanci, da nauyin bashi da danniyar mutane.

Shigowar bashi cikin wannan jeri ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin manomin da ciwo ya kwantar a Kebbe ko Dogon Daji da tsakiyar damina, bai yi maimai ba ciyawa tana cin gero, an sayar da akuya an biya kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, ba zafin jiki kaɗai ke hana shi barci ba. Duk da haka, idan mai dubiya ya durƙusa bakin tabarma ya ce masa ya jiki, amsar ɗaya ce, da sauƙi, ko da kuwa ya kwana yana juyi, saboda kunya da gudun kada a ce ya kasa haƙuri da ƙaddara. A cikin addu'a ne kawai yake samun sararin kiran damuwarsa da sunanta, kamar yadda Annabi Ayyuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa a aya ta 83 ta Suratul Anbiya'i, ba a ƙirga masa hakan a rashin haƙuri ba.

Ilimin haɗa addu'a da magani ba baƙo ba ne a ƙasar Tambuwal, inda Buhari ɗan Shehu ya zauna ribaɗi. Ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magungunan ciwon ido da na basur, ƙanwarsu Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, ba tare da ɗayansu ya ga saɓani tsakanin roƙo da magani ba. Haka nan Nana A'isha, matar Annabi, takan umarci a dama wa majinyaci da mai makoki talbina, wato kunun sha'ir mai ruwa-ruwa, saboda hadisin da ya nuna tana sanyaya zuciya, abin da ke kusa da kwanon kunun da maƙwabciya ke aikowa da safe.

Kaɗaici shi ne ya fi wuya, domin dubiya takan yi yawa a makon farko, takalma su cika ƙofar ɗaki, sannan ƙafa ta ɗauke idan jinya ta yi tsawo, musamman ga mai tarin fuka ko matar da yoyon fitsari ya raba da ɗakinta. Idan kuwa damuwar ta zarce har ta hana ci da barci makonni, to ta zama ciwo mai zaman kansa, wanda likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Kware suke dubawa.